Sakan Huɗu: Wa Ke Da Alhakin Faɗuwar Jiragen 737 MAX?

 

Waɗanda suka manyanta a cikinmu za su tuna ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006, ranar da jirgin kamfanin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah Ya jiƙan su. Ba a tashi daga zaman makoki ba hukuma ta fito ta ce matuƙin ne ya ƙi jin shawarar ya dakata har hadari ya wuce. Rahoton da ya fito daga baya ya ɗora masa nasa kason, ya kuma gano giɓi a horon da aka ba su. Amma maganar farko ita ta zauna a zukatan jama'a. Haka abin yake kusan ko'ina: idan jirgi ya faɗi, wanda ake fara nuna wa yatsa shi ne wanda ba ya nan balle ya kare kansa.

Shekara 12 cif bayan wannan, a rana irin ta, 29 ga Oktoba 2018, jirgin Lion Air mai lamba 610 ya tashi daga Jakarta ta ƙasar Indonesiya. Minti 13 ya yi a sama ya faɗa Tekun Java da mutum 189. Ba a cika wata biyar ba, ranar 10 ga Maris 2019, jirgin Habasha mai lamba 302 ya tashi daga Adis Ababa zai je Nairobi, minti shida ya yi ya nitse cikin gona kusa da Bishoftu da mutum 157 'yan ƙasashe 35. Cikinsu akwai namu: Farfesa Pius Adesanmi na Jami'ar Carleton a Kanada, da Ambasada Abiodun Bashua. Rayuka 346 ke nan. Jiragen biyu ƙirar Boeing 737 MAX 8 ne, dukansu sababbi fil, na farko wata biyu da fara aiki, na biyu wata huɗu.

Zan faɗi matsayina tun yanzu don ku riƙa auna hujjojina da shi. Matuƙan nan sun yi kurakurai, ba zan ɓoye ko ɗaya ba. Amma alhaki yana bin sani da lokaci. Wanda ya san aibin abu, yana da shekaru a hannunsa na gyarawa, ya rufe bakinsa, kasonsa ya fi na wanda aka ɓoye wa aibin aka ba shi 'yan sakanni ya gano shi a sararin samaniya.

Kafin mu je ga matuƙa sai mun fahimci jirgin. Zanen 737 tsoho ne, ya fara tashi a 1967, kuma gajere aka yi shi, cikinsa kusa da ƙasa. A ƙarshen 2010 kamfanin Airbus na Turai ya sanar da A320neo mai sababbin injuna masu tsimin mai. A 2011 American Airlines, wanda ya daɗe ba ya sayen jirgin kowa sai na Boeing, ya karkata ga Airbus. Ƙera sabon jirgi daga tushe zai ci shekaru, kasuwa kuwa ba ta jira. Sai Boeing ya ɗauko tsohon jiki ya ɗaura masa sabon inji. Injin ya fi na da faɗi, ba zai zauna ƙarƙashin fiffike ba sai ya kusa shafar ƙasa, don haka aka tura shi gaba aka ɗan ɗaga shi sama. Wannan ya sauya halin jirgin. Idan hancinsa ya ɗaga sosai, jikin injin kan ƙara tura shi sama, sandar tuƙi ta yi sako-sako a hannu fiye da yadda doka ta yarda.

Maganin da suka samo shi ne wata manhaja mai suna MCAS. A wutsiyar jirgi akwai ƙananan fikafikai biyu da ake karkatawa don ɗaga hanci ko sunkuyar da shi. A gefen hancin kuma, dama da hagu, akwai wani ɗan harshen ƙarfe da iska ke kaɗawa, shi ke auna kusurwar da jirgi ke fuskantar iska da ita. Idan ma'aunin nan ya ce hanci ya ɗaga da yawa, sai MCAS ta karkata fikafikan wutsiya da kanta ta danna hancin ƙasa, ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Samuwar manhaja irin wannan ba laifi ba ce. Jiragen zamani cike suke da irinta, kuma sun ceci rayukan da ba za su ƙirgu ba. Matsalar tana cikin shawarwarin da aka yanke a kanta ɗaya bayan ɗaya. Ma'aunai biyu ne a jikin jirgin, amma aka sa MCAS ta riƙa sauraron ɗaya kacal a kowace tafiya. In ya yi ƙarya babu mai ƙaryata shi. Da farko an ba ta ikon karkata wutsiya da digiri 0.6, daga baya aka ƙara zuwa digiri 2.5, fiye da ninki huɗu, kuma jami'an hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, masu tsara horon matuƙa ba su san girman wannan sauyi ba. Tana danna hanci na kusan sakan 10. Idan matuƙi ya mayar da shi, ta jira sakan biyar ta sake dannawa, haka ba iyaka. A tsofaffin 737, idan wutsiya ta fara motsi da kanta, matuƙi ya ja sanda baya sai motsin ya tsaya. Wannan shi ne abin da hannun kowane matuƙin 737 ya saba da shi. A MAX jan sanda ba ya tsayar da MCAS. Bayan duk wannan kuma aka cire bayaninta daga littafin tuƙi.

Me ya sa aka cire? Saboda abin da Boeing ke tallatawa shi ne cewa matuƙin tsohon 737 zai hau MAX ba sai ya shiga na'urar kwaikwayon tuƙi ba, wadda horo a cikinta ke cin kuɗi da lokaci. Har alkawari suka yi wa kamfanin Southwest cewa za su mayar masa da dala miliyan ɗaya a kan kowane jirgi idan hukuma ta wajabta wannan horo. Matuƙa da yawa darasin kusan awa ɗaya suka yi a kwamfutar hannu, shi ke nan.

Lissafin da aka gina amincin jirgin a kansa shi ne cewa idan MCAS ta haukace, matuƙi zai gane kuma ya ɗauki mataki cikin sakan huɗu. Ku ƙirga a zuci. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Binciken Majalisar Wakilan Amurka da ya fito a Satumba 2020 ya nuna cewa wani matuƙin gwaji na Boeing da kansa ya ɗauki fiye da sakan 10 kafin ya shawo kan irin wannan hali a na'urar kwaikwayo, kuma ya bayyana sakamakon a matsayin mai halakarwa. Kamfanin ya san da wannan kafin jirgin ya ɗauki fasinja ko ɗaya.

To mu shiga ɗakin tuƙin Lion Air. Kwana ɗaya kafin hatsarin an sauya ma'aunin hagu a Bali da wani da aka gyara a wani shago a Florida, kuma saitinsa ya karkace da digiri 21. A tafiyar daren, daga Bali zuwa Jakarta, matsalar ta taso. Allah Ya sa akwai matuƙi na uku da ya samu rage hanya yana zaune a bayansu, shi ya lura ya ce a kashe makunnan da ke ba wutsiya wuta. Suka sauka lafiya, amma ba su rubuta cikakken abin da ya faru ba a littafin gyara. Da safe Kyaftin Bhavye Suneja da mataimakinsa Harvino suka karɓi jirgi ba su san komai ba. Suna tashi sanda ta kama karkarwa, alamar jirgi na shirin sulluɓewa, alhali ƙarya ce. Ma'aunin gudu na dama da na hagu suka saɓa, na tsawo ma haka. Ana cikin wannan hayaniya hanci ya fara sunkuyawa. Fiye da sau 20 kyaftin ɗin yana mayar da shi, wani abu da bai taɓa jin sunansa ba yana sake dannawa. Da ya miƙa wa mataimakinsa tuƙi don ya duba littafi da kansa, mataimakin bai riƙa mayarwa yadda ya isa ba, jirgin ya tafi.

Hukumar binciken Indonesiya ta lissafa dalilai tara da suka haɗu, kuma ba ta rufa wa na gida asiri ba: gyara maras kyau, shafuka 31 da suka ɓace daga littafin gyara, raunin da aka sha gani a horon mataimakin matuƙin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wata huɗu da 'yan kwanaki da ke tsakanin hatsarin farko da na biyu. A lokacin an riga an san aibin MCAS. FAA ta fitar da umarnin gaggawa ranar 7 ga Nuwamba 2018, tana tunatar da matuƙa su kashe makunnan nan biyu idan wutsiya ta kama motsi. A Disamba masananta suka yi lissafin cikin gida, suka ga cewa idan ba a gyara MCAS ba, ana iya samun irin wannan hatsari kusan 15 a tsawon rayuwar waɗannan jirage. Aka bar jiragen suna tashi, ana jiran gyaran manhaja. Wato an sake jingina rayukan fasinjoji ga sakan huɗun nan, wannan karon da ido buɗe.

Kyaftin Yared Getachew ɗan shekara 29 ne, yana da awa fiye da 8,000 a sama. Mataimakinsa Ahmed Nur Mohammed awa 361 gare shi. Jim kaɗan da tashinsu ma'aunin hagu ya yi tsalle zuwa kusan digiri 75, lambar da ba ta yiwuwa ga jirgin fasinja mai tafiya daidai, amma manhajar ta gaskata. Sanda ta kama karkarwa, murya tana gargaɗi, hanci ya fara nitsewa. Ƙaramin cikinsu, mai awa 361 ɗin, shi ya ce a kashe makunnan, suka kashe, kamar yadda umarni ya ce. Abin da ya rage shi ne su murza faifan da ke gefen gwiwarsu da hannu don dawo da wutsiya. Faifan ya ƙi motsi. Sun bar injuna a kan ƙarfin tashi, gudun jirgi ya kai har ya zarce iyakar da aka ƙayyade masa, iska ta danne wutsiyar da nauyin da hannun mutum ba ya iyawa. Da suka rasa yadda za su yi sai suka mayar da wuta ko za su gyara da lantarki. MCAS ta farka ta danna na ƙarshe.

A nan masu ɗora laifi kan matuƙa suke kafa hujja, kuma wajibi ne mu saurare su. Suna cewa da an rage ƙarfin inji da faifan ya murzu. Da an daidaita wutsiya da lantarki sosai kafin a kashe wuta da an tsira. Kuma umarni bai ce a mayar da wuta ba. Duk gaskiya ne. Hukumomin binciken Amurka da Faransa sun soki rahoton ƙarshe na Habasha da ya fito a Disamba 2022 saboda bai zurfafa a kan aikin matuƙa ba, kuma suna ganin tsuntsu ne ya karya ma'aunin, saɓanin matsalar lantarki da Habasha ta ce. Ina ganin sukarsu tana kan hanya. Rahoton da ke kare mutuncin ƙasa ta hanyar tsallake kuskuren ɗanta yana cutar da matuƙin gobe.

Akwai ma damuwa ta gaske game da matuƙan zamani ko'ina a duniya: na'ura ta ɗauke musu tuƙi har hannu ya fara mantuwa. A daren 1 ga Yuni 2009 jirgin Air France mai lamba 447, ƙirar Airbus A330, yana kan Tekun Atlantika daga Rio zuwa Paris, ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu na ɗan lokaci. Na'urar tuƙi ta saki jirgi ta miƙa wa mutane. Lafiyar jirgin ƙalau. Mataimakin matuƙi ya ja hanci sama ya riƙe, fikafikai suka daina ɗaukar jirgi, ya yi ta faɗowa fiye da minti uku har ya daki ruwa da mutum 228. A can kason matuƙa yana da nauyi, ko da yake an san matsalar bututun tun kafin ranar, kuma ba a horar da su tuƙin hannu a wannan tsawo ba. Bambancin shi ne a Air France na'ura ta janye hannunta, a MAX kuwa kokawa take yi da matuƙi.

Ilimin yadda ɗan Adam ke aiki da na'ura ya daɗe da warware wannan. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen yaƙin Amurka ƙirar B-17 sun yi ta rugujewa a kan titin sauka, matuƙa suna naɗe tayoyi bayan sun taɓa ƙasa. Kullum rahoto ya ce kuskuren matuƙi. Wani matashin masani, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙi ya ga makunnin tayoyi da na fikafikan sauka iri ɗaya ne, kuma gefe da gefe suke. Aka maƙala wa ɗaya ɗan gare mai kamar taya, ɗayan aka yi masa siffar fiffike, yadda hannu zai bambance su ko a duhu. Matsalar ta kau, kuma matuƙan su ne dai na jiya. Kuskuren da za a iya hangowa tun daga teburin zane, na mai zanen ne ya toshe shi. Hukumar binciken Amurka ta faɗi kusan haka a Satumba 2019: gwajin Boeing bai haɗa da tarin ƙararrawa da gargaɗin da ke tashi lokaci guda idan ma'auni ya lalace ba. Kyaftin Chesley Sullenberger, wanda ya sauke jirgi a Kogin Hudson a 2009 ba a rasa rai ba, ya gwada irin wannan hali a na'urar kwaikwayo, ya shaida wa Majalisa a Yuni 2019 cewa ko da yake ya san abin da ke tafe, ya ga yadda lokaci zai ƙure wa matuƙa.

Na tsaya a kan Sullenberger ne saboda wata magana da ta yi min zafi. Bayan hatsarin Habasha an samu masu cewa, har a zauren Majalisar Amurka, da matuƙan Amurka ne da ba su faɗi ba. Ma'anarta a fili take: matsalar ta 'yan Afirka da Asiya ce. Sai ga saƙonnin cikin gida na ma'aikatan Boeing sun fito a Janairu 2020. A cikinsu aka ga cewa a 2017 Lion Air da kansa ya nemi a horar da matuƙansa a na'urar kwaikwayo kafin su hau MAX, ma'aikatan Boeing suka lallashe shi ya janye, suna zaginsu da wawaye a bayan ido. Wanda ya hana ka koyo ba shi da bakin cewa ba ka iya ba. Kuma idan ka sayar da jirgi ga duniya, ka sayar da shi ne ga matuƙan duniya yadda suke, da mai awa 20,000 da mai awa 300, da wanda ya yi barci da wanda ya kwana a hanya.

Iyayenmu malaman fiƙihu da ke nan sun fi ni sanin bambancin wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadinta. Asali ana bin mai aikatawa ne. Amma mutum ya haƙa rami a kan hanyar jama'a ba da haƙƙi ba, ya rufe bakinsa da zana, wani ya taho da dare ya afka, ba a cewa ai ƙafarsa ce ta kai shi. Haka a ciniki, wanda ya san aibin hajarsa ya ɓoye, hukuncinsa daban da na wanda bai sani ba. Na san kuma akwai mai cewa a ransa kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa soke diyya ba a shari'a, kuma bai hana a tambayi mai rami dalilin haƙa shi ba.

Akwai kason hukuma. Shekaru da dama FAA tana wakilta ma'aikatan Boeing su duba aikin Boeing a madadinta, albashinsu kuma daga kamfanin yake fitowa. Sauran ƙasashe, har da namu, sukan karɓi hatimin FAA ne su amince, domin ba kowace ƙasa ke da injiniyoyin da za su kwance manhajar jirgi su duba ba. Wannan amana ta karye a Maris 2019. Ƙasar Sin ce ta fara dakatar da jirgin ranar 11 ga wata, ƙasashe suka bi, Amurka ba ta yi ba sai ranar 13. Jirgin ya yi wata 20 a ƙasa. Da ya dawo a Nuwamba 2020, MCAS tana sauraron ma'aunai biyu, tana janyewa idan sun saɓa da digiri 5.5, sau ɗaya take dannawa, ba ta fin ƙarfin hannun matuƙi, kuma horo a na'urar kwaikwayo ya zama dole. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da fasaharsa ba ta nan tun ranar da aka zana jirgin.

A fannin shari'a kuwa, an sallami shugaban kamfanin, Dennis Muilenburg, a Disamba 2019. A Janairu 2021 Boeing ya yi sulhu da Ma'aikatar Shari'ar Amurka a kan tuhumar yaudarar FAA, ya amince da biyan dala biliyan 2.5. Ku dubi rabon: biliyan 1.77 na kamfanonin jiragen da suka yi asarar ciniki ne, miliyan 500 na iyalan mamata, tarar kanta miliyan 243.6. Mutum ɗaya tak aka gurfanar, Mark Forkner, tsohon babban matuƙin fasaha na shirin MAX, kuma masu taya alƙali hukunci a Texas suka wanke shi a Maris 2022. Iyalai, daga Kenya zuwa Kanada, sun yi shekaru suna zirga-zirga kotu riƙe da hotunan 'ya'yansu suna neman a yi shari'a a bainar jama'a.

A Nuwamba 2021, a ƙarar diyya da ke gaban wata kotu a Chicago, Boeing ya sa hannu a takarda cewa ya ƙera jirgi mai aibi wanda ya zama sanadin faɗuwar jirgin Habasha, kuma ba ya ɗora alhakin a kan kowa, har da matuƙan. Abin da ya samu a madadin haka shi ne iyalan da suka shiga yarjejeniyar sun janye neman diyyar horo, wadda da ta buɗe ƙofar tone-tone a gaban kotu. Shekara biyu da wata takwas iyayen Yared Getachew da na Ahmed Nur Mohammed suka yi suna jin ana kiran 'ya'yansu marasa ƙwarewa kafin wannan takarda ta fito. Allah Ya ba su haƙuri, su da sauran iyalan.

Shugaban taro, a nan zan dakata. Na ga akwai matuƙa da injiniyoyi a cikinmu, zan so a fara ba su dama.